Sawun Ruwa a Hoton Annabi Ayuba

Ranar Litinin da hantsi aka gano ɓarnar, a falon Alhaji Munkaila da ke hawan sama, bayan manyan kasuwannin tufafi na Guangyuan Xilu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Alhajin ne da kansa ya gani. Ya fito daga ɗaki yana jan ƙafarsa mai gyambo, ya ɗaga kai ya dubi bango kamar yadda ya saba kowace safiya, sai ya tarar takardu biyu na nan lafiya a bayan gilashi, ta tsakiya kuwa ta koma kamar tsumman da aka share miya da shi.

Takardun nan uku duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan ya san su, domin Alhaji ba ya barin baƙo ya kai loma ta biyu bai yi masa bayaninsu ba. Ta dama gadon kakansa ce daga Kano, shafi ne na littafin salatin Annabi, an zayyana Rauda da layuka ja da baƙi, babu mutum, babu ko tsuntsu. Ta hagu aikin Musulmin Sin ce, Ka'aba zaune cikin gajimare da furen bado, rufin masallacin ya lanƙwasa sama irin na gidajensu. Ta tsakiya daga Farisa ta fito, kuma ta girme su nesa ba kusa ba. Annabi Ayuba ne tsaye cikin idon ruwa ranar da Allah ya yaye masa cuta, harshen wuta na zinariya yana tashi a kansa, mala'ika mai fukafukai kore da ja yana miƙa masa riga, ƙasar duk rawaya, ga layukan rubutu a sama da harufan Larabci. Ita wannan ba ta Alhaji ba ce, amana ce. Wani tsohon Basine Musulmi mai suna Ma Yusufu, mai shagon carbi da turare kusa da Masallacin Huaisheng, shi ya ara masa ita da ya ga gyambon ciwon suga ya ƙi warkewa, ya ce ya riƙa kallo yana koyon haƙuri.

Yanzu komai ya narke. Rawaya ta shiga kore, ja ya bi ta kansu, mala'ikan ya zama wata inuwa mai fiffike ɗaya, rubutun sama kuwa babu harafi guda da zai karantu.

Kafin azahar falon ya cika da 'yan kasuwa, na Kano da na Maraɗi da na Yamai, kowa da gumi a wuyan riga. Ba a sha wahalar neman suna ba, don suna ɗaya ne a bakin kowa: Ibrahim Khalil, matashin nan ɗan Kano mai sarin wandunan jins. Jiya-jiyan nan, ana cikin cin abinci, ya nuna takardar da yatsa ya ce gunki ne ko da a kan takarda yake, kuma da ikonsa ne da tuni ya shafe shi. Bayan an watse an gan shi ya tsaya shi kaɗai a falon yana sallah.

Shekarar kuwa ta wasannin Olamfik ce. Beijing na shirin karɓar duniya, Guangzhou na ta korar ta. An daina sabunta biza, 'yan sanda na tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa suna neman fasfo, wanda aka kama da matacciyar biza sai tsarewa, sai jirgi, sai hana dawowa. Kowa ya san bizar Ibrahim Khalil ta mutu, kayansa na sito ba a yi lodi ba, matarsa na Kano da tsohon ciki. Kowa kuma ya san Alhaji Munkaila na da lambar wani ɗan sanda a wayarsa.

"Zan miƙa shi," in ji Alhaji, muryarsa a ƙasa. "Ya ci tuwona ya ɓata mini amana. Ya je can ya yi musu wa'azi."

Manya suka yi ta ba shi baki. Da ƙyar ya yarda zai jira zuwa bayan sallar Juma'a, da sharaɗin a kira Maidaji ya bi sawu, ya kawo hujjar da za ta rufe bakin masu roƙo.

Maidaji mutumin Dakoro ne, can ƙasar Maraɗi. A ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, har ana cewa yana duban ƙasa zai gaya maka ɓarawon gurgu ne ko kaya ya ɗauka. Da aka yi fari ya cinye garken gidansu sai ya biyo wani ɗan'uwa zuwa Sin, ya koma bin sawun katan-katan da ke ɓacewa tsakanin shago da sito da bakin ruwa. Da aka gaya masa sunan wanda ake zargi, sai da ya ɗan juya baya don kada a ga fuskarsa.

Dalili kuwa shi ne, bara wajen alwala a Huaisheng, Maidaji ya naɗe hannun riga, Ibrahim Khalil ya hango laya a damtsensa. Bai tambaya ba, bai yi sallama ba, ya tsinke ta, ya farke fatar da makulli, ya jefa takardar a magudanar ruwa a gaban jama'a, yana cewa ya cece shi daga wuta. Mahaifiyar Maidaji ce ta ɗaura masa layar da hannunta ranar da zai bar gida, kuma ta rasu yana nan bai ga jana'izarta ba. Shi dai a ranar ya tsaya yana kallon ruwa na tafiya da takardar.

* * *

Maidaji ya ciro takardar daga bayan gilashi, ya shimfiɗa ta a tebur kusa da taga, ya tsuguna ya kwantar da kai yana dubanta ta gefe, kamar yadda yake duban yashi da sassafe. A wurinsa ruwa ma yana da sawu. Wannan ruwan daga sama ya taso, daga kan rubutun, ya gangaro gefe guda bai fantsama ba, har ya taru a kusurwar ƙasa ta hagu. Kusurwar kuma an ɗan matse ta, ta yi baki kamar na buta. Fuskar Annabi Ayuba tana nan dishi-dishi, babu alamar yatsa a kanta.

Ya ga duk wannan, amma da yake bai nufi inda zuciyarsa ke so ya nufa ba, sai ya ajiye shi a gefe.

Hajiya Fasuma, matar Alhaji, ta amsa masa tambayoyi daga ƙofar kicin, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ta ce tana wanke-wanke lokacin, ta ji fitar baƙi, ta ji yaron na sallah, daga nan ba ta san komai ba. Maidaji ya shafa bango ya ji shi a bushe, na'urar sanyaya ɗaki ma can nesa take, saboda haka maganar masu cewa ɗigar ruwa ce ta faɗi. Ya roƙi Alhaji ya ba shi takardar, ya naɗe ta cikin sabon ƙyalle ya fita.

* * *

Ibrahim Khalil na shagonsa a hawan ƙasa yana ninke wanduna, 'yar Sin ɗin da ke tsare masa kaya tana ta ce wa masu neman babban kugu "meyo, meyo", wato babu. Ya miƙe da ya ga Maidaji, ya ba shi kujera. Maidaji bai zauna ba.

"Na faɗa, Baba, kuma ko gobe zan sake faɗa, haramun ne a zana Annabi," in ji Khalil. "Amma ban taɓa ta ba."

"Hannunka ai ya saba taɓa abin da ba nashi ba."

Khalil ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, idan don wancan ne..."

"Wane?"

Maidaji ya tsare shi da ido har sai da ya ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, sannan ya tambaye shi abin da ya yi bayan sallah, da ƙofar da ya fita, da wanda ya gan shi. Babu wanda ya gan shi. Da Maidaji zai tafi, Khalil ya biyo shi 'yan taku, ya ce shi ba gudu zai yi ba, ba shi ma da inda zai gudu, roƙonsa ɗaya a bari ya yi lodin kayansa, don abin da ya mallaka a duniya ke nan.

"Ni sawu nike bi," in ji Maidaji. "Inda ya tahi nan zan tahi."

* * *

Akwai mutum na biyu da ya kamata a tambaya, ko don kada a ce an yi son kai. Illa ɗan Yamai ne, dillali kuma tafinta, wanda ya taɓa matsa wa Alhaji ya bar shi ya kai takardar wurin wani Bature a Hong Kong, Alhaji ya kore shi da zagi. Maidaji ya same shi a wani gidan taliya yana kallon shirye-shiryen wasanni a talabijin. Illa ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi da ke mafarkin sayar da abu, yaya zai zuba masa ruwa? Ban da haka ranar Lahadi yana can garin Yiwu wajen sarin fitilu, a tambayi duk 'yan Maraɗin da suka kwana ɗaki ɗaya da shi suna fama da minsharinsa. Maidaji ya tambaye su. Gaskiya Illa ya faɗa, har da minsharin.

Da la'asar ɗin Talata Maidaji ya koma gidan Alhaji, ya tarar da shi a naɗe kan doguwar kujera yana riƙe da ciki, ya yi amai har ya galabaita. Alhaji ya ce baƙin cikin abin da yaron nan ya yi masa ne ke cin hanjinsa, kuma kowane murɗawa da cikin ya yi sai ya ƙara masa a kan laifinsa. Hajiya ta kawo kunu a kofi, ta durƙusa tana lallaɓa shi.

"Ka shanye, Alhaji, don Allah kar ka rage."

* * *

Alhaji bai iya sanar da mai amana ba, kunya ta hana shi. Maidaji ne ya ɗauki nauyin, ya tafi titin Guangta da safiyar Laraba. Shagon Ma Yusufu ƙarami ne, yana ƙamshin turare da tsohuwar takarda. Suka gaisa da Larabcin da bai kai ya kawo ba, suka cike giɓin da Sinancin kasuwa. Da Maidaji ya warware ƙyallen, tsohon ya cire tabarau ya goge ya mayar. Daga baya ya ce wani kakansu ne ya zo da ita daga hanyar Makka, kuma a shekarun da ake ƙona littattafai a ƙasar nan mahaifinsa ya fasa bango ya ɓoye ta ya sake shafe wurin. Ta tsira daga wuta, in ji shi, ashe ruwa ke jiranta.

Maidaji ya ce ana zargin wani yaro mai ƙin hotuna. Tsohon ya girgiza kai, ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin kanta, ya riƙa fito da warwatsattun shafuka yana jerawa. Ya nuna masa yadda mutanen Farisa ke zana annabawa da fuska su kunna musu wutar haske a ka, yadda Turkawa suka zo suka sauke farin mayafi a kan fuskar, yadda nasu mutanen Sin suka bar mutum gaba ɗaya suka koma ga fure da gajimare. Ya ce ya ga na mutanen su Maidaji a bangon Alhaji, su layi kawai suka yarda da shi, kuma ya yi kyau. Sannan ya nuna masa aikin masu ƙi. Ga wani sarki an jiƙa babban yatsa an murje masa fuska. Ga wasu mala'iku an ja musu layi a wuya da alƙalami, an yanka su ke nan don hoton ya mutu mai karatu ya samu natsuwa. Ga wani shafi kuma da fuskar ta shuɗe, amma wannan sumbata ce ta masoya ta cinye ta a hankali. A dukkansu babu inda aka taɓa rubutu.

"Mai ƙi, fuska yake nema," in ji Ma Yusufu. "Wannan kuwa rubutu ya fara bi. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Maidaji na da wata ɗabi'a tun yana daji, in abu ya shige masa duhu sai ya ɗanɗana. Ya dangwali rawayar da ta taru a kusurwa, ya nufi baki da yatsan. Tsohon nan da ake ganin iska za ta iya kayar da shi ya kai wa hannun duka har sai da ya yi ƙara. Ya ce guba ce. Rawayar daga wani dutse ake niƙa ta mai kashe ɓera, koren tsatsar tagulla ne, jan kuma da dalma aka haɗa shi, shi ya sa duk tsawon zamanin nan ko ƙwaro ɗaya bai ci takardar ba.

Maidaji ya tsaya da yatsa a sama. Sai ga shi yana ganin tsakar gidansu a Dakoro, mahaifiyarsa ta karkata allo, ta sa kusurwarsa a bakin ƙwarya, tana zuba ruwa a hankali daga layin farko, tana tarewa da hannu kada ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa. Tun ranar Litinin kowa ke cewa an goge, an goge. Ba gogewa aka yi ba. Wankewa aka yi. Kuma wanda ya wanke rubutu, akwai wanda zai ba ya sha.

Da zai fita tsohon ya riƙe masa hannu. Ya ce a gaya wa Alhaji kada a taɓa kowa saboda shi. Haƙurin da ya aika a koya, yanzu shi zai zauna ya koye shi.

* * *

Alhaji na barcin wahala lokacin da Maidaji ya isa. Ya yi sallama a ƙofar kicin, ya rage murya.

"Hajiya, ina sauran rubutun?"

Ludayi ya suɓuce daga hannunta. Ba ta yi musu ba, kamar ma dama jira take a tambaye ta. Ta ce likita ya ce in gyambon bai rufe ba za a yanke ƙafar, ga shi a ƙasar nan babu malamin da za ta je wurinsa. Kullum tana share falon tana kallon layukan nan na sama, tana cewa a ranta tunda Annabi Ayuba ne, lalle ayoyin waraka ne. Ita layukan kaɗai ta yi niyyar wankewa, yadda ta ga mahaifinta na yi, ta ɗauka tawada ce irin tamu ta gawayi da ƙaro. Ruwa na sauka sai launi ya biyo shi, ta kasa tsayar da shi, ta kuma kasa zubar da ruwan da ya wanke Annabi. Ta ɗura a kwalba, ta busar da takardar da fanka, ta mayar, ta riƙa zuba wa Alhaji ruwan a kunu.

Maidaji ya gaya mata ba ayoyi ba ne, waƙa ce da harshen Farisa kamar yadda Ma Yusufu ya shaida masa, abin da ke cikin kwalbar kuma shi ke murɗa cikin mijinta. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da mayafi don kada kukan ya tashe shi. Da ta samu numfashi, maganarta ta farko ba a kan kanta ba ce.

"Yaron nan fa? Bari in tashe shi in gaya masa yanzu, ko me zai yi mini ya yi."

Nan ne Maidaji ya tsaya. Kalma ɗaya ta rage Ibrahim Khalil ya kwana da kwanciyar hankali a ranar. Maidaji ya ji wani abu mai sanyi da zaƙi ya taso masa daga ciki, abin da ya shekara yana jira.

"A'a, Hajiya," ya ce. "Jikin Alhaji ba zai ɗauki wannan yanzu ba. Ki bari sai Juma'a, ni zan san yadda zan shimfiɗa maganar."

Shi ya raka su asibiti da kwalbar a aljihu. Ya yi wa likita bayani da Sinanci, ya juyo ya ce wa Alhaji abinci ne ya ɓata masa ciki. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba da magani, likita ya ce Allah ya sa abin da ya sha bai yi yawa ba.

* * *

Ranar Alhamis babu sauran sawun da zai bi, amma sai da ya je kasuwa. Ya sayi shayi ya zauna a benci daura da shagon Khalil. Yaron ya faɗa cikin 'yan kwanakin nan, yana karyar da wanduna ga duk wanda ya taya, duk wanda ya sauko daga matakala sai ya ɗago a firgice. Wayarsa ta yi ƙara, Maidaji ya ji shi yana ce wa matarsa, "Lafiya lau, Radiyya, kasuwa ce kawai, ki kwantar da hankalinki." Maidaji ya kurɓi shayinsa a hankali. Bai taɓa shan mai daɗinsa ba a ƙasar Sin.

Da ya biya duba Alhaji, ya same shi ya ɗan farfaɗo, ƙarfin fushinsa ya dawo. Alhaji ya kama masa riga ya ce ya gaya masa tsakani da Allah, shi ne ko ba shi ba ne?

Maidaji ya yi murmushi. "Ka bari sai gobe, Alhaji. Kowa zai gani da idonsa."

* * *

Bayan an sauko daga Juma'a falon ya cika har ƙofa. Alhaji na kan kujerarsa da ƙafa a kan matashi, Illa ya jingina da bango, Khalil na zaune a ƙasa shi kaɗai, an bar fili kewaye da shi kamar mai cutar da ake ɗauka. Maidaji ya ajiye takardar Farisa a tebur, ya fito da wasu farare guda uku da ya zana da tawada, kowace da fuskar mutum a tsakiya da layin addu'a a sama. Ya sa aka kawo ruwa a kwano. Ya miƙa wa Illa ɗaya, ya miƙa wa Khalil ɗaya, ya ce kowa ya ɓata tasa yadda ya ga dama.

Illa ya ɗebi ruwa ya watsa, tawada ta fantsama ko'ina, ya ce a rubuta cewa shi ko ɓarna bai iya ba. Wasu suka yi dariya. Khalil ya daɗe yana kallon tasa. Sannan ya tsoma babban yatsa a ruwa, ya murje fuskar har takarda ta kusa hujewa, ya ɗaga gefen hannunsa sama don kada ya shafi layin addu'ar.

Maidaji ya ɗaga tasu ya jera kusa da ta Farisa, kowa ya ga babu wadda ta yi kama da ita. Sai ya ɗauki ta ukun, ya matse kusurwarta ta yi baki, ya karkata ta a kan kofi, ya fara zuba ruwa daga layin sama a hankali, yana tarewa da tafin hannu. Babu mutum ɗaya a ɗakin nan, daga Kano har Yamai, da bai taɓa buɗe baki an ɗura masa irin wannan ruwan yana yaro ba.

"Rubutu," wani ya faɗa a hankali daga baya.

"Ni ce," in ji Hajiya Fasuma daga ƙofar kicin.

Ta faɗi komai a tsaye, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da kunun. Maidaji ya ƙara da abin da ke cikin launukan, da saƙon Ma Yusufu. Alhaji ya daɗe yana kallon matarsa.

"Fasuma, guba kika ba ni?"

"Magani na ba ka, Alhaji. Ban san guba ba ce."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan Khalil, nan take fuskarsa ta sauya. Ya shiga lalube aljihu. Ya ce jiya da Maidaji ya yi masa murmushin nan ya ɗauka an gama, bai iya jira ba, ya buga wa 'yan sanda waya. Ya ba su suna, ya ba su shago, ya ce su zo ƙasan benen nan bayan sallah.

Illa ya leƙa taga ya dawo ya ce ga motarsu nan a ƙasa. Alhaji ya miƙa masa wayar ya ce ya gaya musu kuskure ne, yaron bai yi komai ba, shi zai tsaya masa. Illa ya yi ta magana, yana "lawban, lawban", wato maigida, yana rusunawa kamar suna ganinsa. Da ya kashe ya ce sun ce su ba su san zancen wani hoto ba. Biza ta mutu ko ba ta mutu ba, shi ke nan tambayarsu. In bai sauko ba, su za su hawo.

Aka shiga kallon juna, don kusan rabin waɗanda ke ciki fasfonsu bai fi na Khalil lafiya ba. Wani ya ce ya bi ta matakalar baya. Khalil ya ce in ya bi ta baya za su hawo ta gaba su kwashe kowa. Ya miƙe, ya ciro makullin sito ya ba wani dattijo ɗan Kano, ya roƙe shi ya yi masa lodi in hali ya yi, kuma kada a gaya wa Radiyya sai ta sauka lafiya. Ya ce wa Hajiya Allah ya ba Alhaji lafiya. Alhaji na kiran sunansa, bai juyo ba.

A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, kusa da Maidaji, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

Maidaji bai saba ƙarya a kan sawu ba. "Tun Laraba."

Khalil ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin da dama ya yi tsammani.

"To, ka huce?"

Bai jira amsa ba, ya sauka.

Maidaji ya je taga. Ya ga farar rigar Khalil ta fito daga ƙasan bene, mutum biyu sun matso, an buɗe ƙofar mota a ƙarƙashin wani ƙaton allo mai zobba biyar na Olamfik da ke yi wa duniya maraba. A bayansa Hajiya na kuka, Alhaji na ta sake danna lambar da aka daina ɗauka. Ya tsaya ya duba cikin zuciyarsa a hankali, yadda yake duban ƙasa, yana fatan ya tarar da nadama ita kaɗai. Nadamar na nan. Abin da ya sa ya dafe bango shi ne, daɗin ma yana nan, bai rage ba.